A bakin fada

Yau ruwan sama ya tsare ni a bakin fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, na raɓe jikin bango ina kallon zanen da magina suka ƙawata ƙofar da shi. Wani dattijo da muka fake tare ya nuna gangaren Gulbi da sandarsa, ya ce, "Ɗana, can ƙasa garin yake kafin ambaliyar 1945, ruwa ne ya hauro da mu tudu." Jikina ya yi sanyi. Sarautar da ta baro Katsina bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa mata gida a nan, ashe gulbi ma ya sake tashinta, ta sake gini.

Ina so 'ya'yana su ji wannan daga bakin tsofaffi tun suna raye.