Yadda AI ta shigo ofishinmu na odit

Mu ƙaramin ofishi ne na akanta da odit a Kano, yawancin kwastomominmu 'yan kasuwar Kwari ne da 'yan Singa, irin waɗanda za su kawo maka risit na shekara guda a leda su ce Alhaji a haɗa mana lissafi kafin Juma'a. ChatGPT, manhajar AI da ake wa tambaya ta rubuto amsa, ya fito tun ƙarshen 2022 amma mu sai 2024 muka fara taɓa shi, shi ma yaran ofis ne suka fara a wayoyinsu oga bai sani ba, sai da ya ga wasiƙar da wata 'yar bautar ƙasa ta rubuta zuwa FIRS, hukumar tara harajin tarayya, ta yi tsaf, ya ce ke zo nan, wa ya rubuta miki wannan?

Biyan dala 20 ɗin da ake biyan ChatGPT duk wata ma sai da muka sha fama, lokacin katin naira ba ya biyan kuɗin waje, sai ta hannun wani mai asusun dala.

Gaskiya ya yi mana rana wajen wasiƙu da fomular Excel da rarraba shige da ficen sitatimen na banki, aikin da yaro zai wuni a kai yana lumshe ido yanzu kafin azahar an gama. Amma oga ya kafa doka tun farko, ba a saka sunan kwastoma ko lambar asusu ko TIN, wato lambar mai biyan haraji, a ciki, a goge tukunna, saboda dokar kare bayanai ta 2023, kuma ɗan kasuwa in ya ji sirrin cinikinsa ya fita wallahi ba zai ƙara taka ƙofarka ba.

Wajen haraji ne ban yarda da shi ba sam. Akwai ranar da ya lissafo mana VAT, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a kashi 5, alhali tun Fabrairun 2020 ya koma 7.5, kuma ko inda-inda babu, ya ma kawo bayani mai daɗi. Haka yake cakuɗa dokar kamfanoni, wato CAMA, ta 1990 da ta 2020. Yanzu ga sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025, FIRS ɗin ma ta koma NRS, to duk sashen da ya ambata sai an buɗe dokar an gani da ido, don hatimin oga na ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ne ke kan takardar.

Abun da ya fi damuna yaran ne, wanda bai taɓa daidaita asusu da hannunsa ba ta ina zai gane an yi masa ƙarya? Shi ya sa sabon shiga a watanninsa na farko biro da kalkuleta muke miƙa masa, ya yi ta gunaguni, sai ya iya gano inda naira ɗari biyar ta maƙale sannan a ba shi fasuwod.