Ɗan ci-rani ne inshorar gida, to shi kuma fa?

A ƙauyenmu da ke yankin Soba, da an gama girbin masara sai samari su watse, wasu Legas, wasu Abuja, wasu Fatakwal. Acaba, gadi, ga-ruwa, turin baro. Abin da suke turowa ta POS shi ke riƙe da gidaje da yawa har damina ta sauka.

Duk lokacin da na je gida daga Kaduna na yi wa Baffana maganar inshora, amsarsa ɗaya ce: "Yaro, 'ya'yana biyu suna Kudu, wace inshora kuma?" Kuma yana da hujja. Farin da ya ƙone gona a Soba bai hana fasinja hawa babur a Agege ba. In kuɗi suka shigo a sayi taki, ragowar a sayi tunkiya ko a zuba adashi. Ranar da ciwo ya taso, a ja tunkiyar zuwa kasuwa. Ga kuma tsoron riba da caca, wanda dattawanmu ba sa wasa da shi. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar da ta dace da shari'ar Musulunci, tun 2013, Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi a 2016, amma a majalisar ƙofar masallacinmu ban taɓa jin an ambaci kalmar ba.

Abin da ke damuna shi ne wanda aka jingina da shi ba shi da majingina. Inshorar da ɗan acaba ya sani ita ce takardar da yake yanka don kada a tare shi a hanya, ita kuwa wanda ya buge take biya, ba ta san da ƙafarsa ba. Da Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, gidaje da dama a wajenmu suka ji a tukunya. Wani ƙanena kuma mota ta kaɗe shi, aka dawo da shi da karaya biyu. Bijimin huɗa aka sayar aka yi jinya, damanar nan da aron shanu suka yi noma.

Shi ya sa bana na daina bin Baffa, na koma kan yaran. Su ke da waya, su ke da asusun banki. Kafin su hau mota a tashar Kawo zan zauna da su mu nemi takaful na haɗari da jinya, ko da ni zan biya zubin farko. Masu kamfanonin nan kuma, don Allah ku turo wakilai masu jin Hausa ranar kasuwa, ku karɓi zubi mako-mako.