Kilasta ta nuna kore amma saba na ta yankewa? Duba keɓaɓɓen IP

Akwai wata matsala da nake yawan tararwa a ofisoshi nan Abuja, musamman masu ajiye sabobinsu a ɗan ɗaki cikin ofis, kuma kusan kullum kamfanin intanet ake ɗora wa laifi alhali ba ruwansu. An haɗa saba biyu ko uku su zama kilasta, wato rukuni guda, da NLB (Network Load Balancing) na Windows Server don su raba lodi, shafi na buɗewa lafiya lau daga waje, amma in sabar ce da kanta za ta nemi wani abu, misali ta taɓo databes ko sabar imel, sai yanzu ta yi anjima ta ƙi, ka buɗe NLB Manager kuma ka ga komai kore shar, alamar lafiya lau.

To wannan koren shi ke yaudarar mutane. Sabobin suna aika wa juna ɗan saƙon "ina nan" duk daƙiƙa ɗaya, in aka rasa 5 a jere sai sauran su cire wacce ta yi shiru su sake raba aiki. Amma saƙon nan ba ta kan IP yake tafiya ba, ta matakin Ethernet yake bi, saboda haka ko adireshinka a karkace yake kilastar za ta ce maka ta haɗu.

Kowace saba adireshi iri biyu gare ta, na haɗaka wanda duk suke amsawa, da keɓaɓɓe nata ita kaɗai, wanda da shi kake shigarta ta Remote Desktop kuma da shi ya kamata ta fita neman abu. In ta fita da na haɗaka fa, amsa kan na haɗaka za ta dawo, kuma dokar fot (lambobin ƙofar da saƙo ke shiga) da NLB ke zuwa da ita ta shafi duka daga 0 har 65535, sai lissafin rabo ya miƙa amsar ga ɗaya sabar da ba ta san da zancen ba, ita kuma ta watsar. Kamar ka aika saƙo ne ka ce a kawo amsa gidanku na gandu ba ka faɗi sunanka ba, duk wanda aka tarar a zaure shi za a ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne har yau ana ta yawo da shawarar zamanin Windows Server 2003, wai ka sa keɓaɓɓen a sahun farko cikin saitin TCP/IP shi kenan. A lokacin gaskiya ne. Daga 2008 zuwa sama Windows ta daina bin jeri, ita ke zaɓar adireshin da lambobinsa suka fi kusa da na getwe (ƙofar fita daga netwok ɗin) ko inda za ta, to in na haɗaka ne ya fi kusa shi za ta ɗauka ko ka sa shi a ƙarshe. Maganin shi ne ka buga Get-NetIPAddress ka duba SkipAsSource, wato alamar da ke hana fita da adireshi, na adireshin haɗakar, in False ne ka mai da shi True da Set-NetIPAddress a kowace saba. Hakan ma yana hana shi shiga DNS, kundin da ke haɗa suna da adireshi, da sunan sabar, wanda shi ma wani ciwon kan ne, ka kira saba ta ɗaya ta biyu ta amsa. Kuma ka sake dubawa duk ran da wani ya taɓa saitin katin netwok da linzami, don alamar kan goge.

Sai rashin daidaito. Wani ya canza IP a katin amma bai canza a cikin NLB ba. Kwatanta abin da ipconfig /all ya nuna da na Get-NlbClusterNodeDip, har sabnet mask ɗin, dole su zo ɗaya. NLB ba ta aiki da DHCP, wato raba adireshi kai tsaye, da hannu ake sa adireshin, amma mutane sai su ɗauko shi daga cikin zangon da rauta ke rabawa, ran da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi firinta ko wayar wani ta riga saba kamawa. Cire shi daga zangon kawai.

In kuma sabobin ne ba sa iya ping ɗin juna ta keɓaɓɓen adireshi, duba ko a kan tsarin yunikas na NLB kake da katin netwok ɗaya, don a nan duk MAC (lambar shaidar kati) ɗaya suke ɗauka mai farawa da 02-BF, saba ta ga kamar da kanta take magana. Ƙara kati na biyu ko ka koma tsarin maltikas, inda kowacce ke riƙe MAC ɗinta a ƙara mata 03-BF, sai dai rautocin Cisco da ire-irensu ba sa karɓar wannan ARP ɗin, wato haɗin IP da MAC, sai an sa musu da hannu. A Hyper-V, manhajar da ke ɗora sabobi da yawa kan na'ura ɗaya, kuma yunikas ba zai yi ba sai ka kunna MAC spoofing.

Ni kafin in taɓa komai nakan yi nlb drainstop a saba ɗaya don ta gama aikin hannunta ta fita daga kilastar, in bar ɗaya tana aiki. In yankewar ta tsaya cak, na san amsoshi ne ke faɗawa hannun da ba nasu ba, sai in wuce kan SkipAsSource kai tsaye.