Raƙuman dawan Kure da masu gonakin da suke kiwo a ciki

Daga Yamai zuwa Kure tafiyar kilomita 60 ce a kan hanyar Doso. A bakin titi muka ɗauki jagora, muka sauka daga kwalta muka kutsa cikin gonakin gero da wake. Babu shinge ko ɗaya. Mun jima muna kewaye kafin jagoran ya ce wa direba, "Malam, tsaya nan, kashe mota." Muka ƙarasa da ƙafa.

Raƙumar dawa ce da ɗanta a gindin ƙaya. Na matsa har ina jin ƙarar taunarta. Sai ta zuro baƙin harshen nan mai tsawon kusan kamu guda, ta naɗe reshe, ta zuge ganyen tas, ƙayar ko a jikinta. Fatarta ta fi ta 'yan uwanta na Gabashin Afirka haske, zanen ya koɗe daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ta gaji da mu ta juya, tana ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare, sannan na ɗaya gefen, ɗan yana biye.

A da wannan iri ya bazu tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye shi, har a ƙidayar 1996 guda 49 kacal aka samu, dukansu a wannan yanki na Nijar. Yau sun haura 600. Mace takan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗaya, don haka duk wanda ya san kiwo ya san irin haƙurin da ke cikin wannan lissafi.

Haƙurin nan kuwa manoma ne suka yi shi. Wani dattijo Bazabarme ya nuna mini harawar waken da ya ɗora a kan bishiya don kada awaki su kai gare ta. Ga raƙumin dawa kuwa, daidai bakinsa aka ajiye masa. Na ce, "Baba, ba ku korarsu?" Ya ce ana kora, su dawo da dare. Doka ta hana taɓa su, shi kuma da wannan waken yake ciyar da gidansa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin mu masu zuwa da kyamara ba mu rasa ko kwano ɗaya.

Da rani dabbobin kan gangara kwarin Dallol Boso inda gawo ke fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Dajin da suke kiwo da damina kuwa kullum raguwa yake, ana sara ana kai itacen girki birni. Shi ya sa a 2018 aka kwashi guda takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada annoba ɗaya ta shafe su gaba ɗaya.

Sai ga harin watan Agustan 2020, aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ciki har da jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ɗan abin da ƙauyukan ke samu daga masu ziyara ya tsaya, raƙuman kuma ba su daina shiga gonakin wake ba.