Darar yanayi huɗu a Kurɗuba

Da hantsi na hau jirgin ƙasa mai gudu daga Madrid, kafin awa biyu ta cika muna Kurɗuba, a kudancin Sifen. Sanyin cikin jirgin ya sa mini mura, waje kuwa rana kamar bazarar Sakkwato. Abul Ƙasim Zahrawi ne ya kai ni, likitan tiyatar nan da ya rasu wajen shekarar 1013, wanda duk shekara nake ba ɗalibaina na makarantar jinya labarinsa suna hamma.

Na leƙa kangon Madinatuz Zahra, tsohon birnin halifa da Zahrawi ya samo sunansa, kilomita takwas yamma da gari, na kuma bi ta lungun da aka sa wa sunansa kusa da babban masallaci. Littafinsa Attasrif juzu'i 30 ne, na ƙarshen kan tiyata, da zanen kayan aiki wajen 200. Wasu in ka gani sai ka rantse daga zabirar wanzami aka zaro su.

Amma abin da na dawo da shi, a tsakar gidan mai masaukina na tsince shi. Malamin tarihi ne, ɗan Maroko. Bayan la'asar ya fito da allon darar da Larabawa ke kira shaɗaranji, ya kira 'ya'yansa biyu, ya jera mana runduna huɗu, kowacce a kusurwarta: kore, ja, baƙi, fari. Wasan yana cikin littafin wasanni da aka kammala wa Sarki Alfonso na Goma a birnin Ishbiliya (Seville) a 1283. Kowane launi yanayi ne na shekara, kuma ɗaya ne daga ruwaye huɗun jiki da likitocin da, tun daga Jalinus har Ibnu Sina, suka ɗora ilimin magani a kansu. Kore lokacin tohon ganye ne da jini. Ja lokacin zafi da safra'u, wato ruwan matsarmama. Baƙi kaka da sauda'u, wato baƙin ruwan matsarmama. Fari hunturu da majina.

Kowa sarkinsa ɗaya, da doki, da giwa, da ganuwa, da dakaru huɗu. In ka ritsa sarkin wani, rundunarsa ta zama taka. A nan malamin ya dakatar da mu, ya ce: "To, ga ciwo ya kama. Ɗaya ya rinjayi saura." Shekara nawa ina rubuta wannan a allo, ban taɓa ganin ya shiga kan yaro kamar yadda ya shiga kan ƙaramar, 'yar shekara tara. Sai na tuna Inna in ta ce sanyi ya shige ka, ta dafa citta da kanumfari, da wanzamin unguwarmu in zai yi ƙaho ya ce jini ya yi yawa.

Fari aka ba ni, ina ta fyace hanci. Yarinyar ta ritsa sarkina, ta tattare rundunata, ta ce: "Ammi, majina ta faɗi." Na roƙi uban takarda, na kwafe yadda ake jera 'ya'yan.