Litinin, zaman Golf a zaurenmu

Hazo ya sauka sosai yau, sai da na sa wa Ummi riga biyu kafin mu fita. Rabin 'yan ajina suna gonar zoɓo, waɗanda suka zo ɗin ma hannuwansu jawur. Mun yi lissafin sau bakwai har da waƙa da tafi. Da na dawo na tarar Inna ta aiko da ɗanwake, yaji ya ji yadda nake so. Har azahar raina fes.

Bayan la'asar aka yi zaman da ake ta ɗagawa, a kan motar Golf ɗin da maigidana Baban Ummi ya saya ta lalace. Alhajin motoci ya zo daga Kano da yaronsa, ga Mai unguwa, ga Liman, ga Kawu, ga Oga makanike da buhun kayan da ya kwance daga injin. Ni ina bayan ƙyauren zaure da faifan wake ina tsincewa, kuma don in ji na zauna a wurin. Kuɗin riɗin bana gaba ɗaya yana cikin motar nan, da bijimin Inna, da adashina da na kwasa. Ina da hakkin in ji.

Oga ne ya fara, ya zazzage buhun a kan tabarma. Ya nuna gasket ɗin da ya ƙone, wato 'yar shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ce shi ya sa ruwa yake shiga baƙin mai har man ya kwaɓe ya yi fari, shi ya sa kuma salansa take fitar da farin hayaƙi. Ya ce kan injin, wanda suke kira top, ya lanƙwashe, kuma an taɓa kai shi an goge, ba yanzu ya fara ba. Lagireto kuwa cike take da wani jan gari da ake zubawa don ya toshe yoyo na ɗan lokaci. Har nan Alhaji bai ce uffan ba, sai carbi yake ja. Sai Oga ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar waya. Wayar agogon zafi ce, wadda take kai wa allura labarin injin ya ɗumama. An zare ta daga mazauninta, an naɗe bakin da baƙin salatif, an cusa ta ƙarƙashin sauran wayoyi inda ido ba zai kai ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, waya takan tsinke da kanta, amma ba ta naɗe kanta da salatif.”

Abin da ya sa wayar nan ta tsaya mini a rai shi ne, ranar da Baban Ummi ya dawo da motar, abin da ya fi yi mini yabo a kai ke nan. Ya ce sun zaga da ita, Alhaji da kansa ya nuna masa allurar ya ce, ka gani, injin sanyi ƙalau, ko motsi ba ta yi. To ina za ta motsa? Ran Lahadin da ya ɗauko fasinja daga kasuwar Gujungu, bai san injin yana dahuwa ba sai da tururi ya taso daga bonet kafin su kai Ringim. Mata da buhunansu a bakin titi, shi yana mayar musu da kuɗin mota.

Da aka ba Alhaji dama, sai ya yi magana a tsanake, da murya mai daɗi, irin ta wanda ya saba zama irin wannan. Ya ce tsohuwar mota ce, kowa ya sani, ba daga kamfani aka ɗauko ta ba. Ya ce an gani, an taya, an sallama, ga rasit, kuma a jikin rasit an rubuta ba a dawo da kaya bayan an biya. Ya ce shi dillali ne, la'ada kawai ya ci, mai motar ya riga ya kashe kuɗinsa. Ya ce wa ya sani ko lodin kasuwa ne ya yi mata yawa. Sannan ya juya wajen Baban Ummi yana murmushi ya ce, “Malam, ai mota kamar mace ce, sai ka zauna da ita kake sanin halinta.”

Aka yi dariya. Kawu ya fi kowa. Har Mai unguwa na ji ya ɗan dara.

Ni hannuna ya tsaya a cikin waken. Ba wai ban taɓa jin maganar ba, direbobi suna faɗin ta a tasha kullum. Abin da ya ɓata mini rai shi ne aikin da ta yi a wurin. Kafin ya faɗe ta, kowa yana kallon wayar da ke hannun Oga. Bayan ya faɗe ta, zancen ya koma na ƙaddara da haƙuri, kamar wani hali ne motar ta ɓoye da kanta, alhali mutum ne ya zauna da hannunsa ya yi naɗin nan. Kuma ko a auren da ya kawo misali da shi, in aka ɓoye wa mutum wasu aibobi, namiji ne ko mace, shari'a ta ba shi zaɓi. Mu da muka yi karatun Islamiyya mun san wannan tun muna 'yan mata. Na so in ɗaga murya daga inda nake, na danne. Da na yi, da maganar gari ta koma matar Malam ta yi wa maza katsalandan, a manta da salatif.

A maganarsa ta farko yana da gaskiya, ban ƙi ba. Golf 3 tun shekarun 1990 aka ƙera su, wannan ta girmi ƙanena Auta nesa ba kusa ba. Kujerun baya a yage suke, ƙofa ɗaya sai ta waje take buɗuwa, tayoyi biyu sun suɗe. Duk an gani, an rage kuɗi a kansu, babu wanda ya kawo su gaban Mai unguwa. Ko da gasket ɗin ya ƙone ne haka kawai bayan an saya, da mun ce tsufa ne mun rungumi abinmu. Oga ma da ya ga an cire abin da ke tsare ruwa sai injin ya ɗumama, bai ɗora wa kowa laifi ba, ya ce yawancin motocin da ke zuwa garejinsa haka suke, makanikai ne suke cirewa saboda zafin ƙasarmu. Mutum ne mai adalci. Wayar ce kawai ya ce ba zai iya yi mata uzuri ba.

Mai unguwa ya ce, “Allah gafarta Malam, me littafi ya ce?” Liman ya yi gyaran murya ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa sai ya ji danshi a ciki, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ya kawo na dabbar da ake ƙin tatsa don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, cewa mai saye yana da zaɓin ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon lahani ya same shi a hannunsa, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage wa kayan daraja. Ya ce rubutun rasit ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Tiryan-tiryan ya faɗa, har na ji sanyi a raina.

Sai kuma ya ce, “Amma sulhu alheri ne.” Daga nan Kawu ya karɓe. Ya tuna wa kowa cewa Alhaji ɗan'uwan matarsa ne, shi ya haɗa su, kuma dukiya ba ta kai zumunci ba. Aka yi ta juyawa har aka tsaya a kan Alhaji zai biya kuɗin gasket da ladan Oga, Baban Ummi kuma ya je Ƙofar Ruwa ya nemo top da kuɗinsa. Wato a ba mu ƙaramin, mu ɗauki babban, motar kuma ta ci gaba da zama a gareji ba ta kawo ko sisi.

Ban ƙi sulhu ba, wallahi. Garin nan da sulhu yake tafiya. Amma babu wanda ya dubi Alhaji ya ce, wa ya naɗe wayar? In bai sani ba, sai ya faɗi sunan mai motar a kira shi. Ko sau ɗaya ba a tambaya ba. Duk kalmar haƙuri da aka furta a zauren nan, Baban Ummi aka fuskanta da ita.

Shi kuwa bai ce komai ba sai can ƙarshe: “Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a, zan yi shawara.” Na ji Kawu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Tuwo ya ɗan kama saboda hankalina ba ya wurin. Ummi ta ƙi cin miyar kuka. Inna ta leƙo ba ta tambayi komai ba, ta san in da daɗi da an faɗa mata.

Bayan isha na kira Auta a kwalejin shari'a ta Ringim na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce, “Yaya, ai ko dokar gwamnati tana bayanku.” Ya ce akwai dokar kare masu saye ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar da aka yi tun 1992. A cikinta, in ɗan kasuwa ya sayar maka da kaya ya fito da lahani, kana da wata uku ka mayar, a gyara, ko a musanya, ko a dawo maka da kuɗinka, kuma rubuta “ba a dawo da kaya” a rasit ba ya soke wannan. Ya ce jihar Kano ma tana da tata hukumar, tun da a can aka yi cinikin. Ya ce kada mu bari Oga ya ɗaura komai tukuna, a ajiye wayar da gasket da top yadda suke, a ɗauki hotonsu, a kuma adana saƙon banki na kuɗin da aka tura.

Na ji daɗin jin haka, amma daɗin bai daɗe ba. A garin nan wa ya san da dokar? Direbobin da ke sayen Golf da Sharon da kuɗin amfanin gonarsu, nawa ne a cikinsu aka yi wa irin wannan suka haɗiye? Ofisoshin suna birni, takardun da Turanci, kuɗin motar zuwa da dawowa ma wani abu ne. Abin da mutane suka sani shi ne alƙali, shi kuma kai surukin kawunka gaban alƙali, ko ka yi nasara, sai an yi shekaru ana faɗa a wurin suna da biki. Alhaji ya san wannan sarai, shi ya sa ya zo da murmushinsa.

Da Baban Ummi ya shigo na faɗa masa abin da Auta ya ce. Ya daɗe yana kallon rasit ɗin, sannan ya ce abin da ya fi damunsa bijimin Inna ne, ita ba ta taɓa shiga motar ba ma. Na ce, “Baban Ummi, ni dai in za a yi sulhu, a yi shi bayan an kira mai motar. Adashina na yafe in ya zama dole, na Inna ba namu ba ne da za mu yafe.” Ya ce da safe zai biya wajen Oga ya hana shi taɓa injin, daga nan ya wuce wajen Liman shi kaɗai, ba tare da Kawu ba, ya roƙe shi ran Juma'a ya zama shi ne zai yi wa Alhaji tambayar.