Daga Zariya zuwa Houston: Wa Ya Cancanci Layin Sauri a Filin Jirgi?

Bayan sallar asuba muka bar Sabon Gari ni da Gwaggo, muka bi ta Kwangila zuwa Kaduna. Daga Rigasa jirgin ƙasa ya kai mu Abuja, muka tashi zuwa Legas, daga nan sai Atlanta kai tsaye. Ni ina da takardar zaman dindindin a Amurka, wato girin kad, ita kuwa bizar ziyara gare ta. Abin da ya raba matsayinmu a filin jirgi ke nan.

A Abuja da Legas layinmu ɗaya, domin TSA PreCheck, tsarin binciken sauri da hukumar tsaron sufuri ta Amurka (TSA) ta fara a 2011, a filayen jirgin Amurka yake aiki. 'Yan ƙasar da masu girin kad ne ke iya nemansa. Ana cike fom ta intanet, a je a ɗauki hoto da zanen yatsu, a biya kusan dala 80 na shekara 5. In an amince, sai a ba mutum lambar da ake kira KTN, wadda zai riƙa bayarwa wajen sayen tikiti. Global Entry kuwa, tsarin saurin wucewa wajen shiga Amurka, na hukumar kwastan ne, dala 120, sai an yi wa mutum tambayoyi ido da ido, kuma ya haɗa da PreCheck a ciki. An buɗe shi ga 'yan wasu ƙasashe irin su Birtaniya, Jamus da Indiya, amma Najeriya ba ta ciki. Duk wanda ya ce zai samar wa mai bizar ziyara da fasfon Najeriya wannan kati, kuɗinsa kawai zai ci.

Da muka sauka Atlanta, na'urar Global Entry za ta iya sallamata da hoton fuska kawai, amma katin mutum ɗaya ba ya ɗaukar abokin tafiya, ko da jariri ne. Sai na bi Gwaggo layinta. Jami'i ya tambayi abincin da muka ɗauko. Na ce mata, "Gwaggo, ki faɗi komai, har kuka da daddawar." Aka duba aka mayar mata. Kilishi da dambun nama kuwa tun a gida na hana a sa mana su, domin an hana shiga da nama daga Najeriya. A nan mutanenmu suka fi asara. Wanda ya bayyana, iyakarta a karɓe kayan. Wanda ya ɓoye aka gano, ga tara, ga soke masa Global Entry. Haka kuɗin da ya haura dala 10,000, dole a bayyana shi.

Mai ci gaba da tafiya sai ya ɗauki akwatinsa, ya sake miƙa shi, sannan ya shiga binciken TSA. Wannan ce damar ƙarshe ta mayar da turare, zuma ko man shanu cikin babban akwati. Ruwa-ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu, ko a layin sauri. Sauƙin PreCheck shi ne ba a ciro kwamfuta daga jaka, ba a cire bel ko ƙaramar jaket, kuma yawanci ƙofar gano ƙarfe kawai ake ratsawa.

Lambar kanta ba ta buɗe layi, sai alamar TSA PreCheck ta fito a takardar shiga jirgi. Abin da ya fi hana ta fitowa a wajenmu shi ne suna. Mutum ya yi rajista da Muhammad, mai sayar da tikiti ya rubuta Mohammed, ko ya juya sunan mahaifi ya zama na farko, ko ya bar gurbin KTN fayau. Harafi ɗaya ko ranar haihuwa suka saɓa, kwamfuta ba za ta haɗa su ba. A duba tun ranar sayen tikiti, kada a bari sai an zo bakin layi. Kuma ko komai ya yi daidai, ana iya zaɓen mutum a yi masa cikakken bincike.

Yara masu shekara 12 zuwa ƙasa suna bin iyayensu layin sauri. Daga 13 zuwa 17 sai in tikitinsu ɗaya da iyayen kuma alamar ta fito a takardarsu. Babba kamar Gwaggo ba shi da wannan rangwame. Mayafinta da faɗin rigarta sun sa na'ura ta nuna alama, mace ta zo ta laluba ta, kuma tana da damar neman a yi mata a keɓe. Mai babbar riga ma ya sa ran haka. Ga mai rakiyar dattijo, shawarata ya nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, kuma ya bar aƙalla awa uku tsakanin saukarsa Atlanta da tashin jirgin Houston.